Sarƙar da Na Gani Tana Lilo

Me ya hana ni buɗe baki? Shekara biyu ke nan ina yi wa kaina wannan tambaya, a kan sallaya, a bakin taga, har ina tsaka da tuƙa tuwo, ban samu amsar da za ta zaunar mini da zuciya ba. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Autata ce take rubuta wannan, ina faɗa tana sawa a takarda. Na ce mata kada ta gyara mini komai, ko a inda ban yi wa kaina kyau ba. Idan na yi kuka ta ajiye biro ta jira ni.

Malam, mijina, direban babbar mota ne. Ya fi shekara talatin yana bin hanyar Kano zuwa kudu. Ni ban taɓa riƙe sitiyari ba, amma wadda ta yi zaman aure da direba tsawon haka sai ta san mota ko ba ta so. Idan motar wani ta mutu a unguwarmu, Malam ake kira ya ja ta. Ina leƙe daga soro ina kallo. Yana da wata ɗabi'a: kafin ya tashi mota, sai ya durƙusa ya kama sarƙar jan motar da hannu ya girgiza ta sau uku, ko da shi ya ɗaura ta da kansa. Wata rana na tsokane shi na ce, "Malam, gaisawa kuke yi da sarƙar nan?"

Ya ce, "Gaisawa muke yi mana. Ran da ban gaishe ta ba, ran nan za ta tafi ta bar ni."

Ɗanmu na fari shi ya kawo mu Dubai. Ban taɓa kiran sunansa ba. Tun daga yaye mahaifiyar Malam ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma, kuma a gidanmu uwa ba ta sakin jiki da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido sai dole. Idan ina son ya ci abinci, sai in ce wa wanda yake kusa, "A ce wa yaron nan abinci na nan," shi kuwa yana zaune yana ji. Haka muka ci gaba a nan, a bene hawa na bakwai, a falon da idan ka miƙe ƙafa sai ka taɓa na kusa da kai. Matarsa ce ta zama 'yar aikenmu. Yaran yanzu dariya suke yi mana, amma ni da haka na tashi, kuma da haka nake nuna masa cewa yana da girma a idona.

Yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, wurin da ake sauke kwantena. Da idon Malam ya yi yana, bayansa kuma ya matsa masa, sai yaron nan ya ce mu taho kusa da shi. Garin bai karɓi Malam ba. Wani lokaci ya shiga bas ya tafi unguwar Naif, ya zauna a shagunan 'yan kasuwar Kano ya sha shayi, ya dawo yana cewa, "Hajiya, garin nan ba su bar wa tsoho ko ƙusa ɗaya da zai gyara ba."

Da sanyi ya shigo, yaron nan ya sayo wani ɗaki mai taya daga wani gareji a Ras Al Khor, na hannu. Larabawa suna ce masa karfan. Akwai gado a can ƙarshensa, da wurin dafa shayi, da 'yan tagogi. Mota ce take jan sa. A lokacin sanyi mutanen nan suna fita cikin rairayi su yada zango, su gasa nama, su kwana biyu su dawo. Tun da muka zo ban ga fuskar Malam ta saki irin ta ranar ba. Ya zagaye karfan ya fi sau biyar yana buga tayoyin da sandarsa.

Ranar Asabar da hantsi muka sauko da kaya. Jarkokin ruwa huɗu, tukunyar gas, buhun gawayi, naman rago a cikin kula. Ni ce na ce a tura su can baya ƙarƙashin gado, don a samu wurin wucewa ta bakin ƙofa. Wannan ma ki rubuta.

Na zauna a kan dakalin wurin ajiye motoci ina kallon yadda ake haɗawa. A bayan motar akwai wani ƙwallon ƙarfe. A gaban karfan akwai baki kamar ƙoƙo da yake zama a kan ƙwallon, da hannu a samansa wanda ake dannawa ƙasa ya kulle. Sai sarƙa, da wata siririyar waya ta birki, waɗanda ake maƙalawa a jikin motar, don ko bakin ya zame su riƙe. Ranar da aka kawo karfan na ga yaron nan ya ɗaga hannun ya cire sarƙar kafin ya raba su, don haka na san yadda abin yake idan yana kulle.

Ya sauke bakin a kan ƙwallon. Daidai nan wayarsa ta yi ƙara, daga wurin aiki. Ya yi ta Turanci yana zagaye motar, kwantena kaza, kwantena kaza, ransa a ɓace. Da ya gama ya dawo ya jona wayar fitila, ya naɗe ƙaramar tayar da take tallafe gaban karfan, ya kakkaɓe hannu ya ce da Larabcin garin, "Khalas, an gama. Yalla, mu tafi."

Hannun makullin yana tsaye. Sarƙar tana rataye a wuyan karfan tana lilo. Na gani da idona.

Malam ya matso, ya dafa gwiwa zai durƙusa kamar yadda ya saba. Idonsa ba ya gani daga tsaye, sai ya kai hannu. Sai wani maƙwabcinmu, Bakano mai harkar aika kaya gida, ya ɗaga murya daga cikin motarsa: "Haba Alhaji! Ka haifi injiniya kuma kana durƙuso? Ai ka yi ritaya, ka bar wa masu ilimi!"

Malam ya yi dariya ya miƙe. Ya dubi ɗansa, ya ce wa maƙwabcin, "Gaskiyarka. Ya fi ni sanin na zamani." Ya shiga mota. Rana ɗaya tak a rayuwarsa bai gaishe da sarƙa ba, don kada ya nuna a gaban baƙo cewa yana bin bayan aikin ɗansa.

Maganar ta zo mini har bakin leɓe. Amma wa zan faɗa wa? Yaron nan, a gaban matarsa da 'yarsa da maƙwabci, in ce ka yi kuskure, ni da ko sannu ban saba yi masa kai tsaye ba? Ko Malam, bayan ya gama yabon ɗansa? Na ce a raina, bari mu hau hanya, zan raɗa wa matarsa. Muka hau hanya. Tana gefena, kafaɗarmu tana gugar juna. Amma aiken abinci daban, aika mace ta gaya wa mijinta bai iya aikinsa ba daban. Kuma titin sumul yake kamar faranti, karfan yana biye da mu lafiya lau. Na riƙa waiwaye ina ganinsa. Sai zuciyata ta fara ce mini, ke tsohuwa, me kika sani? Wataƙila na ƙasar nan da kansu suke kullewa.

Bayan mun bar babban titi muka tsaya a wani ƙaramin masallaci kusa da gidan mai, muka yi azahar. Malam ya fito yana dafe da ƙugu. Ya ce kujerar motar ta karya masa baya, shi zai shiga karfan ya miƙe a gado.

Yaron nan ya ce, "Baba, an hana. Ba a zama a ciki yana tafiya. Idan 'yan sanda suka gani…"

"'Yan sandan raƙuma? Ka ga kowa a nan? Saura nawa mu isa?"

"Kamar minti ashirin."

"Minti ashirin! Ni da na kwanta a kan buhunan albasa tun daga Sakkwato har Fatakwal, gado da katifa ne zai gagare ni?"

Yaron nan ya sunkuyar da kai. Bai taɓa yin musu da ubansa sau biyu a kan magana ɗaya ba.

Jikarmu, 'yar shekara shida, ta kama rigar kakanta tana tsalle. "Angona, ni ma zan bi ka!"

Ya ce, "Ke da kika ƙi dafa mini shayi jiya? Na fasa auren. Koma wurin uwarki, mummuna." Ta turo baki ta koma mota tana cewa ita ma ba ta son tsoho mai sanda. Har yau idan na tuna da a ce ya ce mata taho, sai in kama istigfari.

Na ɗauko masa matashin kai da gorar ruwa na kai masa. Yana zaune a bakin ƙofar karfan yana cire takalmi. Sarƙar tana nan inda na gan ta, tsakaninta da ƙafata bai fi taku biyu ba. Yaron nan yana tsaye a gefe riƙe da ƙofar yana jiran ya rufe. Malam ya karɓi matashin, ya ɗaga kai ya dube ni da idon nan nasa mai yana, ya faɗa mini wata magana. Zan faɗe ta a ƙarshe. Ba zan iya yanzu ba.

Aka rufe ƙofa. Na koma mota.

Ba mu yi nisa ba. Hanyar ta ƙanƙance, rairayi dama da hagu, ta ɗan hau tudu ta fara gangara. A gangaren akwai ƙarafan nan da ake shimfiɗawa a titi don hana raƙuma tsallakawa. Motar ta taka su ta yi tsalle kaɗan. Na ji ƙara ɗaya, ƙwas, sai motar ta yi sakayau kamar an sauke mata kaya. Na waiwaya. Karfan ba ya tare da mu. Ya karkata shi kaɗai yana bin gefen hanya, wuyansa ya caki ƙasa, bayansa ya tashi sama, ya kifa, ya sake juyawa, ya gangara cikin kwari. Ban ji kaina ina salati ba, matar yaron nan ce ta gaya mini daga baya.

Ta taga yaron nan ya shiga ya fito da shi. Jarkokin da na ce a tura ƙarƙashin gado sun fashe, rigar Malam sharkaf da ruwa, gawayi ko'ina. Babu jini mai yawa. Idonsa a buɗe, leɓensa yana motsi, amma babu sauti. Na zauna a rairayi na ɗora ƙafafunsa a cinyata, babu takalmi, na riƙe su. Kafin motar asibiti ta iso ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta.

Masu bincike sun yi wa yaron nan bayani. Nauyin gaban karfan ne ya danne bakin a kan ƙwallon duk tsawon babban titi, shi ya sa bai zame ba. Da Malam ya kwanta a can baya, a kan ruwa da gas, sai gaban ya yi sama-sama. Tsalle ɗaya ya ishe shi. Da makullin yana kulle da bai fita ba. Da an maƙala sarƙar da ta riƙe, wayar birkin kuma da ta tsayar da shi.

A nan aka binne shi. A nan na yi takaba, a bakin tagar da yake zama.

Tun ranar yaron nan bai sake tuƙi ba, bas ɗin ma'aikata yake bi. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ba ya zama a falo idan ina nan. Wata rana da safe na ji shi ta bango yana ce wa matarsa, "Ni na kashe Baba. Ni kaɗai." Ni kuma me na yi? Na kira matar na ce, "A ce wa yaron nan ƙaddara ce, ya daina." Aike na sake yi. Shekara biyu yana ɗauke da abin shi kaɗai, bai san mu biyu ne ba. Shi bai gani ba, waya ta ɗauke masa hankali. Ni na gani, na zauna da shi a baki tun daga hantsi har azahar.

Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, malamai sun gaya mini, na kuma yarda. Amma yarda ba ta cire mini lilon sarƙar nan daga ido ba.

Autata ta ce in bari ita ta kai masa takardar idan an gama. Na ce a'a. Da hannuna zan ba shi, in zauna a gabansa har ya karanta, in ya ɗago in dube shi. Ban sani ba ko zai rage masa nauyi, ko kuwa zai dubi uwarsa da wani ido daban har ƙarshen rayuwata. Ko wanne ne, ya fi wannan shirun.

Yanzu rubuta abin da Malam ya ce. Yana zaune a bakin ƙofar, takalminsa ɗaya a hannu, matashin a cinyarsa. Ya ɗan yi murmushi, ya rage murya don kada ɗansa ya ji, ya ce:

"Hajiya, tun safe bakinki yake motsi, na san akwai magana. Riƙe ta. In mun isa kya faɗa mini."