Bokitin Bos Previlon

A garin Jeremi, in ka ji guduma na tashi a kan rufi da sassafe, Bos Previlon ne. Shekara arba'in yana aikin kafinta, kuma abin alfaharinsa ɗaya ne: duk ƙusar da ya buga sai ya shiga ta ƙasa ya lanƙwasa bakinta. Haka ubansa ya koya masa. Ga iya aiki, ga taurin kai kamar na jaki.

'Ya ɗaya gare shi, Guerline, mai sayar da shinkafa da wake. Da ta gina shago a bakin kasuwa, ta je babban birni, Potoprens, ta sayo bokiti guda na wasu 'yan ƙarafa masu huji, irin waɗanda ake ɗaure katakon rufi da bango a manyan gine-gine saboda guguwa.

"Baba, waɗannan za ka sa min."

Ya ɗaga ɗaya yana juyawa. "Wannan ɗan kunnen? Ki maƙala a kunnenki ki tafi coci."

"Kai Baba! Ko otal ɗin bakin teku su aka sa."

"Su ba su da kafinta ne. Guguwa nawa na gani kafin a haife ki? Ki nuna min rufina ɗaya da ya tashi."

"Na ji. Amma don Allah ka sa, hankalina ya kwanta."

Ya ce to, don ta ƙyale shi. Ya rufa shagon da ƙusarsa, ya tura bokitin ƙarƙashin kantar shagon, bayan buhuna. Da ta tambaya, ya ce an sa.

Bayan wata biyar rediyo ya ce babbar guguwa na tafe. Maƙwabta suka nufi makaranta neman mafaka, har da shi. Guerline ta ce ita a shago za ta zauna da kayanta. "Me zan ji wa tsoro, Baba? Ƙusarka ga ta, ƙarfena ga shi."

Ya buɗe baki zai faɗa mata gaskiya, kunya ta rufe shi.

Da hantsi iska ta ɗauke rufin ɗungurungum. Ko falle ɗaya na kwano bai rabu da katako ba, ƙusarsa ta riƙe gam. Katakon ne ba abin da ya ɗaure shi da bango. Bangon ya rufto ciki.

Shi ya tono gawarta da hannunsa. Kusa da ƙafarta bokitin na nan, ko gezau bai yi ba.

Yau ya haura shekara saba'in, idonsa ya yi rauni, dariya ta bar shi. Abin tausayi, har yanzu yana bin sababbin gine-gine da bokitin nan, yana roƙon a bar shi ya ɗaura ko ƙarfe biyu. Magina na tsokanarsa: "Bos, ashe ka koma sayar da 'yan kunne?"

In an bar shi, sai ya cika kowane huji da ƙusa. Ƙarafan sun kusa ƙarewa, amma akwai guda ɗaya a aljihunsa da ba ya bayarwa. In an tambaya, cewa yake na Guerline ne, ta ce ya sa mata.