Notin da Jalo Bai Ɗaure Ba

Duk wanda ya san layin masu walda na Fadaman Mada ya san Jalo mai gyaran keke mai inji. Dogo ne siriri, ba ya son yawan magana, kuma in yana sauraren inji, ko sallama ka yi sai ka jira ya gama. A ruga aka haife shi, can bayan Inkil. Ciwon huhu ya shiga garken mahaifinsa ya share shi cikin shekara guda, Jalo ya shigo gari da sandarsa kawai. Ya fara da facin taya, ya koma gyaran keke. Da fetur ya yi tsada, babur ya gagari talaka, mutane suka fara ɗaura wa kekunansu ɗan ƙaramin inji, sai Allah ya buɗa masa. Kunne gare shi, malam! Yakan tayar da inji, ya kara kunne kusa da salansa kamar yadda ubansa ke sauraren numfashin saniya, ya ce, "Mai ya yi masa yawa, iska ta yi kaɗan." Ya ɗan murɗa sukurun kafireta rabin juyi, shi ke nan tari ya tsaya.

Abu ɗaya ne zaman gari bai raba shi da shi ba, kunyar ɗan fari. Ɗan farinsa Nasiruddeen shekararsa ashirin da takwas, da matarsa da 'yarsa, amma tun da aka raɗa masa suna bakin Jalo bai taɓa furta sunan nan ba. "Wancan" yake cewa, ko "yayan su Humaira". Tun yaye aka kai shi wurin Hajja, mahaifiyar Jalo, ita ta rene shi. Kullum da yamma Nasiruddeen kan je Inkil ɗauko nono a kan kekensa mai inji. In keken ya samu matsala, sai ya jingine shi bakin rumfa ya gaya wa Amos mai walda, Amos ya juya ya gaya wa Jalo da ke zaune taku uku daga wurin. Amos ya sha yi masa tsiya: "Ku Fulani, wannan kunyar taku wata rana sai ta ja muku." Jalo sai ya ce, "Kai dai yi waldarka."

Wata Laraba keken ya zo da ƙorafi biyu: inji ba ya ja, birkin gaba kuma ya yi sanyi. Na baya kuwa tun ranar da aka ɗaura injin aka cire shi don sarƙa ta samu hanya. Jalo ya zauna wa injin nan tun hantsi. Ya wanke kafireta, ya goge filogi, ya daidaita mai da iska har injin ya riƙa kuka lafiya lau. Tunda ba ya iya ce wa ɗansa sannu, a nan yake zuba duk son da yake masa, kuma bai taɓa fito da gudun wani inji kamar na ran nan ba. Sannan ya zura sabuwar wayar birki, ya murɗa notin da ke riƙe ta da yatsa. Ya miƙa hannu ke nan zai ɗauki sifana aka tayar da iƙamar la'asar. Ya ce bari in ya dawo.

Yana fitowa daga masallaci ya hango Nasiruddeen a kan keken, yana taka feda, injin ya kama. Nan take ya tuna notin. Tsakaninsu bai fi taku arba'in ba. Ya buɗe baki, sunan ya taso har maƙogwaro, ga dattawan unguwa kewaye da shi suna neman takalma. Sai ya ji bakinsa ya ce, "Kai! Kai wannan!" Mutum goma suka waiwayo, ban da wanda ake kira. Keken ya sha kwana. Jalo ya ruga rumfa.

"Ya tambaye ni ko an gama," in ji Amos. "Na ji inji yana kuka daidai, na ce masa an gama. Lafiya?"

"Ban ɗaure notin birki ba."

Amos ya ajiye abin waldarsa. Shi ma ya san zancen: notin yatsa zai riƙe in ana taɓa birki a hankali cikin gari, amma aka danƙe shi da ƙarfi waya za ta zame, hannu ya tafi fayau. "Kira shi a waya mana!"

"Ba ni da lambarsa."

Amos ya kalle shi, ya tayar da babur ɗinsa, Jalo ya suri sifana ya haye baya.

Jalo bai taɓa sanin hanyar Inkil tana da nisa haka ba. 'Yan Keke Napep sun cushe titi, kowa na danna oda. Da suka hau hanyar Gombe sai ga tireloli da tifofin yashi suna wucewa, iskarsu tana kaɗa mutum. Tsoro ya kama shi sosai. Ba abin da yake maimaitawa sai hasbunallahu wa ni'imal wakil. Da hannunsa ya ƙara wa injin gudu, da hannunsa ya bar birki a sake. Me zai je ya ce wa Hajja? Can gaba suka hango taro a bakin titi, mutane sun sunkuya suna kallon wani abu a ƙasa. Jalo ya runtse ido. "Akuya ce," in ji Amos, "akuya mota ta buge, buɗe idonka." Ya buɗe, suka wuce. Tunani ɗaya ya tsaya masa a rai, cewa zai iya tsayawa a kan gawar yaron nan bai taɓa kiran sunansa ba ko sau ɗaya.

A kan wata 'yar gangara suka gan shi. Farar riga, jarkoki biyu a baya, keke na sheƙa gudu kamar babur. Can ƙasa wata tifa ta sako kai daga hanyar ɗibar yashi, za ta hau kwalta. Jalo ya san nan da ɗan kaɗan hannun nan zai danƙi birki.

Ya miƙe tsaye a kan babur, ya riƙe kafaɗar Amos, ya ware murya irin wadda ake kiran shanu da ita daga tsallaken rafi.

"Nasiruddeen! Nasiruddeen!"

Mai keke ya saki totur nan take, ya waiwayo.

"Kada ka ja birki! Kashe injin! Sauka gefe, sa ƙafa!"

Nasiruddeen ya kashe, ya karkata cikin yashin gefen titi yana jan ƙafa, takalmi ɗaya ya fice, keke ya kwanta da shi, jarkoki suka yi nasu wuri. Tifa ta hau kwalta ta wuce abinta, direban bai ma san an yi ba.

Jalo ya dira, ya ɗaga keken, ya danƙi birki da ƙarfi sau ɗaya. Waya ta zame tsul, ta yi lilo. Su uku suka tsaya suna kallonta.

Nasiruddeen ya durƙusa, gwiwar hannunsa na jini, kansa a ƙasa. "Baba," ya ce, "da na ji sunana a bakinka, wallahi na ɗauka Hajja ce ta rasu."

Jalo ya zaro sifana daga aljihu, ya tsuguna, amma ba mai riƙe masa waya ya ɗaure notin. Sau uku tana zamewa. Ya waiga zai ce wa Amos ya gaya wa wancan, sai ya ga Amos ya juya baya yana kallon gonaki.

"Nasiruddeen," ya ce a hankali, "riƙe min wayar nan."