Ranar da Na Kira Gayyar Rake

Ranar Litinin ce. Na fito sallar asuba da ƙarfe biyar da rabi, na tarar matata Asabe ta riga ta ɗora tukwane biyu a tsakar gida, ɗaya ta koko, ɗaya ta shinkafa da wake. Abincin mutum arba'in take dafawa, domin ranar ce na kira gayyar sarar rake. Rakena ya nuna a fadama tun makonni biyu baya. Ni ƙarfi ya ƙare, ɗana Haruna kuma ba zai iya shi kaɗai ba. Tun kafin zaɓe na kai wa Tanimu sarkin noma goro, ya yanka mini rana.

Ƙauyenmu yana ƙasar Ikara, ta wajen Malikanchi. Ba zan faɗi sunansa ba. A can kowa Kofur yake kirana, saboda na yi soja lokacin yaƙin basasa. Na shiga ina da shekara goma sha shida, na ƙara biyu da baki don a ɗauke ni. Na dawo da tabo a cinya da kuma taurin kai, wanda Asabe ke cewa shi kaɗai ne fanshon da aka ba ni cikakke.

Wata shida kafin zaɓen nan garin ya rabu biyu. Masu shayi biyu ne da mu, kowa da jam'iyyar da ke zama a bencinsa. Aka daina zuwa sunan juna. A masallaci mutum kan duba wanda ke gefensa kafin ya tayar da kabbara. Samari suna kallon waya suna zagin mutanen da suka yi musu kaciya. Duk na gani, na ce haukan zaɓe ne, kowane zagaye ana yi.

Haruna shi ne wakilin jam'iyyarsa a rumfar zaɓenmu. Ranar Asabar aka kaɗa ƙuri'a, ranar Lahadi da yamma rediyo ta ce ɗan takararsu ya ci. Kafin magariba magana ta zagaye gari cewa Haruna ne ya cika akwati da ƙuri'un ƙarya. Yaron da ko goro ba ya ɗauka a faifai sai an miƙa masa.

Da asubar Litinin ɗin, da muka fito daga masallaci, Haruna ya durƙusa a gabana a zaure. Ya ce in ɗaga gayyar nan, wani abokinsa ya gargaɗe shi kada ya bari a gan shi a gari yau. Na yi masa dariya. Na ce masa na san yaƙi, na kwana cikinsa shekara uku. Yaƙi yana da alamu. Manyan motoci kan fara wucewa, baƙin fuska su bayyana, kasuwa ta mutu, karnuka su yi shiru. Na ce ya nuna mini baƙo ɗaya a garin nan. Bai yi mini gardama ba, bai taɓa yi ba. Ya ce zai je ya zauna a bukkar da muke dafa mazarƙwaila a fadama, in na ga lafiya in kira shi. Ya fita ta bayan gida ƙarfe shida da kwata.

Ƙarfe bakwai da minti goma na ji ganga daga wajen kasuwa. Kiɗan gayya ne, wanda na sani tun ina yaro. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce da Asabe, to ga mutanen da ɗanki ke tsoro. Na shimfiɗa tabarmi huɗu a ƙofar gida da hannuna, na fito da kwanon goro.

Na hango su sun karyo kwanar rijiya. Kowa da adda a hannu. Ranar sarar rake me mutum zai riƙo in ba adda ba? Tanimu yana gaba da jar hularsa. Bawa makaɗi yana gefensa. Na ji kunya a ce jama'a sun zo yi mana aiki, ɗan gida yana ɓoye a bukka. Na ciro waya na kira Haruna. Bakwai da ashirin da biyu ne. Ya ɗauka bugu ɗaya. Na ce ya fito jama'a sun iso, kada ya ba ni kunya. Ya ce, Baba, ka tabbata? Na ce ga Tanimu nan ina kallonsa. Na kashe.

Ba su yi sallama ba. Wannan ne abu na farko da ya taɓa mini zuciya. Na biyu warin fetur. Wani yaro ɗan gidan maƙwabcina yana rungume da galan.

"Ina yake? Fito mana da shi!"

Na ɗaga wayar zan sake kira. Aka buge mini hannu, ta faɗi, aka take ta. Na dubi Tanimu. Mun yi kiwo tare da shi muna yara, ni na riƙe masa kai ranar da aka binne uwarsa. Na kira sunansa sau biyu. Ya kau da kai yana kallon bishiyar darbejiya.

Daidai lokacin Haruna ya ɓullo ta hanyar fadama, addarsa a kafaɗa, yana sauri don kada a ce ya makara. Har ya ɗaga hannu zai yi musu sannu da zuwa.

"Ga shi can! Ku tare shi!"

Ya jefar da addar ya juya. Fiye da rabinsu suka bi shi. Na yunƙura zan bi, wani ya sauke mini gora a ƙeya. Da na buɗe ido zauren ya kama da wuta. An kifar da tukwanen Asabe, koko yana malala har bakin ƙofa.

Abin da soja ya koya mini ke nan ya yi amfani ranar, sau ɗaya tak. Na shiga cikin hayaƙi na tattara su: Asabe, Hadiza matar Haruna, da 'ya'yansu uku. Na keta dangar kara ta bayan banɗaki. Na sa su gaba, muka faɗa gonar raken maƙwabta.

Ganyen rake yana yanka kamar reza. Yaran ba su yi kuka ba, ban san dalili ba. Muna tafe a sunkuye, gangar tana bayanmu ta hannun hagu, wajen fadamata. Bakwai da minti hamsin na ji ihu ya tashi gaba ɗaya. Sai gangar ta tsaya. Hadiza ta juyo ta dube ni. Na ce mata Haruna ya fi su gudu, ya san rafin nan kamar tafin hannunsa. Ta ce haka ne, Baba. Muka ci gaba.

Mun fito bakin titin Makarfi wajen ƙarfe goma. Ƙafafun Asabe sun kumbura, zanenta ya yage. Motoci uku suka wuce mu. Ta huɗu a-kori-kura ce mai ɗauke da kwandunan tumatir. Direban ya ga jini a wuyan rigata, bai tambayi komai ba, ya ce mu hau baya.

Kafin Makarfi samari sun gicciya itace a hanya.

"Ku sauko! Wa kuka zaɓa?"

A yaƙi ma mun tsare hanya. Amma a can akwai kaki, akwai wanda ke ba da umarni, in ka wuce gona da iri akwai wanda zai tuhume ka. Wanda ke harbina ban san sunansa ba, shi ma bai san nawa ba. Bayan an gama, wani daga cikin waɗanda muka yaƙa ya buɗe shagon kayan keke a Ikara. Shekara ashirin muna zama benci ɗaya, ya nuna mini tabonsa, in nuna masa nawa. Waɗannan kuwa harshenmu ɗaya, alƙiblarmu ɗaya. Wanda ya ɗora mini sanda a ƙirji, hularsa irin ɗinkin garinmu ce. Direban ya rantse musu cewa ni kawunsa ne, asibiti zai kai ni. Suka ɗage itacen.

Ƙarfe ɗaya muka isa Taba a ƙasar Kudan, gidan 'yata Ladidi. Mijinta Shu'aibu ya yi ta kiran lambar Haruna. Tana shiga, ba a ɗauka. Duk shigar da ta yi sai Asabe ta ce, ka ji ko, tana ringin, yana nan. Na zauna a ƙofar gida ina kallon hanya har aka kira magariba.

Ranar Talata da hantsi wani Bafulatani mai suna Jauro ya kira Shu'aibu. Shanunsa ne ke cin ganyen rake a fadamata duk shekara. Ya tsinci Haruna a bakin rafi, taku kaɗan ya rage ya haye. Ya lulluɓe shi da mayafinsa, ya zauna yana gadinsa tun jiya, don ba wanda ya zo daga cikin gari. Shu'aibu ya samo mota suka ɗauko shi. Muka binne shi a Taba bayan la'asar, cikin mutanen da bai sani ba.

Ranar sadakar uku sai ga mutanen garinmu a mota, su takwas. Tanimu ne ya jagorance su. Suka zauna a tabarma suka ɗaga hannu. Ya ce, Kofur, sai haƙuri, sharrin siyasa ne, yara ne suka fi ƙarfinmu. Na dubi bakinsa yana motsi. Na ce amin, domin addu'a ce aka yi wa ɗana. Ban taɓa jin ɗacin wata kalma kamar wannan ba.

Ba a kama kowa ba. Kafin damina ta faɗi, ɗan takarar da ya sha kaye ya koma jam'iyyar wanda ya ci. Shu'aibu ya nuna mini hotonsu a waya, sun rungume juna suna dariya. Wanda Haruna ya tsaya wa a rumfa ko saƙon ta'aziyya bai aiko ba.

Bayan arba'in Hadiza ta ba da wayar Haruna aka yi mata caji, tana son hotunan da ya ɗauki yara. An same ta a aljihunsa, gilashin ya tsage amma tana aiki. Ta daɗe tana dubawa a ɗaki. Sannan ta fito ta ajiye ta a gefen tabarmata, ta koma ciki. Karatun boko ban yi nisa ba, amma ina gane lamba, ina gane sunana. Kiran ƙarshe da ya amsa: Baba. Bakwai da ashirin da biyu. Sakan goma sha huɗu.

Shekararsa talatin da huɗu. Ƙaramar 'yarsa ba ta fara tafiya ba lokacin. Hadiza ba ta taɓa ce mini komai a kai ba, kuma har yau ita ke kawo mini ruwan alwala.