Tsanin da Ba a Riƙe Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. A ranar Laraba, bakwai ga watan Safar, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran yayana, mai gyaran rediyo, sakamakon faɗowar da ya yi daga kan tsani a tsakar gidanmu.

Yaya, tun da idon Inna ya rufe, tsohon akwatin rediyon da Baba ya bari ya zama abokin zamanta. Ba ya kama tasha sai da doguwar wayar eriya. Kai ka ja ta daga saman rufi zuwa bishiyar bayan gida, ka zuro bakinta ta taga, ka kankare shi da reza har jan ƙarfen ya bayyana, sannan ka naɗe shi a jikin sukurun da ke bayan akwatin. Wata gajeriyar kuma ka ɗaura a bututun famfo, kana dariya kana cewa, "Akwati ma sai ya taka ƙasa yake magana." Daga nan Inna ba ta sake rasa karatun safe ba.

Sau nawa ka roƙa kada a yi shanya a kan wayar nan? Aka shanya jiƙaƙƙen bargo, ta tsinke. Ka kira 'ya'yan ƙaninmu, samari majiya ƙarfi, ka ce ɗaya ya hau. Babbansu ya amsa ba tare da ya ɗaga kai ba: "Baba Injiniya, wa ke jin wannan kwangirin yanzu? A kunna wa Kaka a salula mana." Inna ba ta ganin abin da za ta latsa, sun sani. Ka jingina tsani da kanka, da furfurarka da ciwon gwiwarka. Ba wanda ya tashi ya riƙe maka.

A zaman makoki kowa cewa yake kwana ya ƙare. Gaskiya ne, na yi imani da hakan. Amma imani da ƙaddara bai taɓa hana kowa riƙe tsani ba. Na sha tambayar kaina a kan sallaya ko wannan fushin don Allah ne, ko kuwa zuciya ce ke neman wanda za ta ɗora wa kaya. Ban sami amsa ba, fushin kuma bai sauka ba.

Bayan an watse, Inna ta yi ta laluba akwatin, babu abin da ke fita sai shuu. Jiya na sa babban samarin nan ya hau ya ɗaura wayar. Bai yi musu ba. Ni na riƙe masa tsanin, da hannu biyu. Na kankare bakin wayar yadda na ga kana yi, na naɗe. Muryar mai karatu ta fito, tana rawa. Inna ta saurara jim kaɗan, sai ta ce, "Ƙara matse shi. Yayanki ba ya barinsa haka." Na matse.

Ya Allah, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa kowace aya da ta shiga kunnen mahaifiyarsa ta kasance a mizaninsa. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da matarsa, da 'ya'yansa. Samarin gidanmu kuma, Allah Ya shirye su. Ni ma Ya sanyaya mini zuciya, domin har yanzu ba na iya kallon tsanin hankali kwance.