Ranar da Sikeli Ya Hana Ni Ba Mahaifiyata Jini

Shekarun baya, ina zaune a Mawashi, aka kwantar da mahaifiyata a asibiti a Kankia. Zazzaɓi ne ya daɗe yana cin ta tana ɓoyewa, har sai da tafin hannunta ya yi fari fat. Yayana ya tafi da ita, ni aka bar ni da gona, don bazara ce, ana ta sharar gonaki.

Ranar Litinin da hantsi, ina tsakiyar aiki, yayana ya kira ni a waya. Likita ya ce sai an ƙara mata jini, kada a wuce gobe da safe. An gwada nasa bai zo ɗaya da nata ba, kuma irin nata babu shi a ajiye.

Ni kuwa da azumi na tashi ranar. Na ɗauke shi ne don Allah ya ba ta lafiya, ban gaya wa kowa ba. Ban tsaya jiran mota ba. Na hau keke, abokina ya hau nasa, muka miƙa cikin tsakar rana. Kafin mu shiga Kankia rigata ta jiƙe ta bushe har sau biyu, gishirin gumi ya yi mata zane a baya.

Malamin ɗakin gwaji ya soki yatsana, ya duba, ya ce jinina ya yi daidai da nata. Na yi hamdala. Sai ya nuna mini sikeli a ƙasa ya ce in hau. Ni dama ba jiki gare ni ba, amma ban damu ba, don sati biyu kafin nan na hau sikelin wani mai sayen hatsi a Kusada, kilo hamsin da biyu ya nuna. Na hau da ƙarfin gwiwa. Allurar ta yi rawa, ta tsaya a arba'in da tara.

"Ba mu ɗibar jinin wanda bai kai hamsin ba," in ji malamin.

Gabana ya faɗi. Na ce, "Malam, wallahi sikelin nan ya lalace. Uwata ce hwa."

Ya ce in fita in huta. A waje abokina, wanda shawararsa ba ta taɓa kai mu ga alheri ba, ya zura mini kwaɗon keke da sifana biyu a aljihu. Na koma na roƙa a sake gwadawa. Ina ɗaga ƙafa ƙarafan suka yi ƙara. Malamin bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Hiddo su ka aje nan."

Na fito da su ɗaya bayan ɗaya. Kunya da tsoro suka haɗe mini, sai ga hawaye, babba da ni.

Ya dube ni da kyau. "Mi ka ci yau?"

Na ce azumi nake.

"Da mi ka zo?"

Na ce da keke, daga gona.

Ya riƙe haɓa. "Ka yi noma, ka tuƙo keke cikin rana, bakinka da azumi, sannan ka zo ka hau sikeli? Ai ruwan jikinka ne ka zubar a hanya, ba nama ba. Ko da ka kai hamsin ɗin, in na ɗebi jininka a haka, gado biyu za mu nema. Tahi ka sha ruwa, ka ci abinci, ka kwanta. Gobe da sahe, in ka kewaya, kahin ka karya kumallo, ka zo. Nan ne za mu ga nauyinka na gaskiya."

Na ce don ita na ɗauki azumin, yaya zan karya?

Ya ce, "Nafila ce, ka rama wata rana. Yanzu jininka take buƙata."

A bakin ƙofar asibiti na sayi fura da nono wurin wata Bafulatana, na sha, zuciyata na cewa na yi laifi. Na leƙa mahaifiyata. Idonta a rufe, numfashinta sama-sama. Na kira ta, ba ta amsa ba. Yayana ya ce in na kasa, bai san wanda za mu nemo kafin safiya ba. Na yi ta shan ruwa har cikina ya ɗaure, na cusa tuwon da ban ji ɗanɗanonsa ba.

Da gari ya waye na yi yadda ya ce. Na hau sikelin, na kasa kallon ƙasa. Malamin ya sunkuya ya duba allurar. Sannan ya ce, "Hamsin da ɗaya. Naɗe hannun riga."

Kafin la'asar ta buɗe ido ta nemi koko.

Tun daga nan ban ƙara yarda da sikeli bayan na yi gumi ba. In na ga matasa sun taso daga ƙwallo suna hawa suna murnar sun rage ƙiba, dariya nake, don kwano biyu na ruwa zai mayar da abin da suka rasa. Mai son sanin nauyinsa ya auna da safe, cikinsa wayam, a sikeli ɗaya. Amma har yau in na tuna kilo ɗaya tak ya kusa shiga tsakanina da ita, jikina sanyi yake yi.

Tana nan da ranta, ta tsufa, ta ƙara faɗa. In ta gama yi wa jikokinta tas, sai ta juyo ta nuna ni ta ce, "Da can ni mai haƙuri ce. Jinin wannan ne ke tashi a jikina."