Malam Dakata da Maganar da Aka Bari a Tsakiya

Akwai wata magana da Manajan masana'antarmu ya fara shekaru da dama da suka wuce, bai ƙarasa ta ba. Shi da bakinsa ya amsa cewa tana damunsa. Takan faɗo masa yana tuƙi ko yana tsakiyar taro, sai ya ce gobe. Goben ta yi ta ja da baya har furfura ta cika masa kai, har aka wayi gari mutumin da ya kamata ya ji ƙarshenta zai ajiye aiki a ƙarshen mako.

Mutumin nan shi ne Malam Dakata, injiniyan da ke rubuta manhajar na'urorin ƙyanƙyasar ƙwai da muke ƙerawa. Kullum kafin mai shara ya gama da baranda ya iso. Zai rataye hularsa a ƙusar bayan ƙofa, ya goge teburi, ya jera kayansa: tabarau, ƙarfen narka dalma, ƙaramin almakashi, sannan ya kunna kwamfuta. Idan ka yi masa magana yana cikin aiki, ba zai waiwayo ba. Yatsa ɗaya zai ɗaga ya ce, "Dakata." Sai ya ajiye abin da ke hannunsa ɗaya bayan ɗaya, ya sa alama a layin da ya tsaya, sannan ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya ya ba ka fuska, kamar ba shi da wani aiki a duniya sai kai. Da ka tafi, zai kwashi kayan daga na ƙarshe zuwa na farko, ya ɗora daga inda ya tsaya. Daga nan sunan ya samo asali.

Mai ɗakinsa ta ce a gida ma haka yake. "Ya taɓa yin tafiyar wata guda muna tsakiyar faɗa," in ji ta. "Ya dawo, ya yi wanka, ya ci abinci, ya ce, 'To, kina cewa ba na jin magana, sai me?' Ni kuwa wallahi har na manta abin da ya haɗa mu."

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan ɗabi'a ita ce ainihin sana'arsa. A cikin kowace na'ura akwai ƙwaƙwalwa ƙanƙanuwa kamar farcen yatsa, kuma hannu ɗaya gare ta. Amma ayyuka da yawa ke jiranta: auna zafi, auna laima, juya ƙwai, rubuta lamba a allo, kaɗa ƙararrawa. Don haka takan taɓa wannan, ta sake shi ta kama wancan, da saurin da ido ba ya gani. Kafin ta saki kowane aiki, dole ta kwashe lissafin da ke cikin 'yan aljihunanta, wato ƙananan gurabun da take riƙe lambobi, ta ajiye a ma'ajin aikin, tare da alamar inda ta tsaya, domin in ta dawo ta tarar da komai yadda ta bar shi. Layukan da ke yin wannan ajiya da ɗauka ba su cika shafi biyu ba, kuma Malam ne ya rubuta su. Babu mai sayen na'ura saboda su. Mai kaji ɗan tsako yake gani, ba ya ganin hannun da ya riƙe masa zafi daidai har ƙwai ya fashe.

Shekarar da Manaja ya fara waccan maganar, irin ƙwaƙwalwar da muke amfani da ita ta yanke a kasuwa. Malam ba ya nan, ya tafi jinyar mahaifiyarsa. Manaja ya samo wata sabuwa, aka ce masa duk ɗaya ne, har ma ta fi sauri. Ya sa aka zuba mata manhajar, aka gwada, ta yi aiki, aka sayar. Bai buga wa Malam waya ba, kuma da ya dawo bai gaya masa ba.

Sai ga wata Hajiya mai kiwon kaji ta shigo da faranti cike da ƙwai, ta dire shi a kan teburin Manaja.

"Na'urar ƙyanƙyasa na saya ko tukunya? Ku fasa ku gani, dafaffu ne! In gishiri kuke so, in aika a kawo."

Bayanta wasu suka biyo. Na'ura sai ta yi makonni lafiya lau, rana ɗaya zafi ya haura babu dalili. Ranar da Hajiya ta zo, Malam ne ya tashi, ya ɗauki ƙwai ɗaya ya jujjuya shi a tafin hannu, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Daga wurinmu ne. Dakata mana kaɗan."

Ya buɗe na'urar, ya ga sabuwar ƙwaƙwalwa. Ya ɗago ya dubi Manaja sau ɗaya. Sai ya rubuta wasu ayyuka biyu na gwaji, ya cika aljihunan aikin farko da lamba bakwai-bakwai, na aiki na biyu da tara-tara, ya sa suna katse juna ba ƙaƙƙautawa. Muna tsaye a kansa, sai ga tara a aljihun bakwai. Ashe sabuwar tana da ƙarin aljihuna na lissafi mai ɗigo, wato na lambobin da ba cikakku ba, waɗanda tsohuwar ba ta da su, don haka babu mai ajiye abin da ke cikinsu. In aka katse mai auna zafi yana tsakiyar lissafi, sai ya dawo ya tarar da lambar mai auna laima, ya ɗauka tasa ce.

"Ba ƙarya take yi ba," in ji Malam. "An bar ta ne ta dawo kan kayan wani."

Ya ƙara 'yan layuka. Sannan ya bi gonaki ɗaya bayan ɗaya da jakarsa a kafaɗa yana gyarawa, yana shan zagi a madadin wani, bai taɓa ambatar wanda ya sauya ƙwaƙwalwar ba. Ranar da ya gama, Manaja ya same shi a teburinsa, ya ce, "Malam, ina so in ce maka..." Sai waya ta yi ƙara a ofis. Manaja ya tafi ya ɗauka, bai dawo ba.

Malam, kai ne wanda ba ya barin abu a ƙasa don an kira shi wani wuri. Kai ne ka nuna mana cewa saurin barin aiki ba gwaninta ba ne, gwaninta ita ce ka bar shi yadda za ka same shi. Kaji nawa suka yi cara a gidajen da ba su san da kai ba, Allah kaɗai ya sani. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa hutun ya yi albarka. Masu tasowa a wannan sana'a kuwa, ku duba irin layukan da babu mai yabo a kansu, ku rubuta su kamar shi. Kuma in an katse ku, ku koma.

Ranar sallama, bayan an ci an sha, Malam yana kwashe kayansa cikin kwali, Manaja ya zo ya tsaya a gefen teburi. Ya yi gyaran murya, ya gyara wuyan riga, ya fara zancen kuɗin fansho. Malam ya ɗaga yatsa ɗaya. Ya ajiye almakashi, ya ajiye tabarau, ya juyo da kujerar gaba ɗaya.

"Yallaɓai, ba nan ka tsaya ba. Ka tsaya ne a 'ina so in ce maka'."

A aljihun Manaja waya ta fara ƙara. Ya ciro ta, ya kashe, ya kife ta a kan teburi.

"Ni na sauya ta, Malam, ban gaya maka ba. Ka yafe mini. Kuma na gode."

"Na yafe tun ranar," in ji Malam, yana dariya. "Wurin kawai nake riƙe maka."

Ya juya kujerarsa, ya ɗauki tabarau, sannan almakashi.