Bu Warsini, Uwar Talibambam

Kafin ɗalibai su iso ɗakin binciken nan na birnin Yogyakarta, mai kula da dabbobinsa Bu Warsini (wato Inna Warsini a yarensu) ta riga ta ajiye babur, ta tsoma gwiwar hannu cikin ruwan talibambam don jin ɗuminsa, kamar mai shirin wanke jariri. Haka ta yi ta yi har furfura ta cim mata. Wannan watan za ta yi ritaya.

Masu ilimi a nan suna nazarin abin da ke sa ƙwayoyin gado yin shiru. Ita ga yadda take faɗa wa sababbi: "A jikin ɗan kwaɗon nan akwai mai gadi zaune a ƙofar umarnin fitar da ƙafa. Muddin sinadarin maƙogwaro bai iso ba, sai ya kira abokinsa su danne ƙofar tare. Shi ya sa yake ta iyo da wutsiya."

Wata ɗaliba, Tyas, ta shekara tana kiwon talibambam waɗanda aka raba mai gadinsu da abokin nasa, kuma digirinta a kansu ya rataya. Sai dutsen Merapi ya yi aman toka, ruwan famfo ya zama kunu, aka rufe makaranta. Tyas ta zauna tana kuka.

"Ke 'yar nan, hawayenki za su sha?" in ji Bu Warsini. "Tashi ki ɗauko gwangwanayen biskit ɗin krupuk!"

"Bu, sabulu zan sa in wanke?"

"Sabulu? So kike mu yi jana'iza? Ɗauraye kawai, sarkin karatu."

Suka zuba talibambam ɗin a ciki, suka goya su a babur zuwa gidan Bu Warsini, inda rijiya take a rufe, toka ba ta shiga ba. Maƙwabta sun shaida yadda ta kori mijinta daga ɗaki mai sanyi don ta ajiye su. Har yau yana cewa kwaɗi sun fi shi gata.

Ba su mutu ba. A kwanon wankinta suka fito da ƙafafu tun lokaci bai yi ba, abin da Tyas ke son gani ke nan. Yau Tyas ke shugabantar ɗakin binciken.

Ke ce, Bu, rijiyar da ba ta ƙafe ba. Sunanki bai hau takardar kowa ba, amma mu da muka gani mun gode. Wanda zai gaje ki, ya koyi isowa kafin kowa, ya fara tambayar lafiyar ruwa.